Na zama root amma allo ya ƙi ni: matsalar "cannot open display" wajen sabunta Debian

"Assalamu alaikum Malam. Ni ke kula da ɗakin kwamfuta na wata makaranta, muna da kwamfutoci 12 da muka sa wa Debian 12 mai GNOME. Duk lokacin da na buɗe taminal na buga `su -` na zama root, sannan na kira `synaptic` don in sabunta manhajoji, sai ta ce `cannot open display:`. Na ga inda aka ce a buga `export DISPLAY=:0`, na yi, sai saƙon ya koma `Authorization required, but no authorization protocol specified`. Wani abokina ya ce in buga `xhost +` kafin in zama root, na gwada a kan guda ɗaya, kuma ta yi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ashe ba root ne mai iko da komai ba? Ta yaya allo zai hana shi? Shi kuma `xhost +` ɗin akwai illa a cikinsa? A wata kwamfutar ma ko `apt upgrade` na yi sai in ga `debconf: unable to initialize frontend: Gnome`, ina tsoron kada sabuntawar ta lalace."

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri da ka kwafo saƙonnin yadda suke, domin rabin maganin yana cikinsu. Idan na fahimce ka, tambayoyinka uku ne: me ya sa root bai iya buɗe taga a allon da kake zaune gabansa, ko shawarar abokinka abin bi ce, sannan ko saƙon debconf alamar ɓarna ne. Na ukun ba komai ba ne, ka kwantar da hankalinka, zan dawo gare shi. Na biyun ina roƙonka ka daina. Na farkon shi ne mai buƙatar zama, don idan ka gane shi sauran za su warware da kansu.

Allon na wanda ya shiga ne

A Linux, wanda Debian nau'i ne daga cikinsa, manhaja ba ta zana kanta a allo kai tsaye. Akwai wata manhaja ta daban da ke riƙe da allo da linzami da madannai, duk mai son taga sai ya je wurinta ya nema. Shekaru da yawa wannan aikin na tsarin X ne, wanda aka fara a jami'ar MIT ta Amurka a 1984, kuma zubinsa na 11, wato X11, ya fito a 1987. An gina shi a zamanin da mutane da yawa ke raba babbar kwamfuta guda, shi ya sa tun asali yake da mai gadi a bakin ƙofa. Manhajar da ta zo neman taga sai ta cika sharaɗi biyu: ta san adireshin allon, kuma ta nuna tikitin shiga.

Adireshin shi ne `DISPLAY`. Idan ka buga `echo $DISPLAY` a taminal ɗinka kafin ka zama root za ka ga `:0` ko `:1`. Wannan lamba tana nuni ne ga wata kafa a cikin `/tmp/.X11-unix/`, `X0` ko `X1`. Tikitin kuwa wata lambar sirri ce mai bit 128 da ake ƙirƙira sabuwa duk lokacin da ka shiga, sunan tsarinta `MIT-MAGIC-COOKIE-1`. Ana ajiye ta a fayil, kuma `XAUTHORITY` ne ke faɗin inda fayil ɗin yake. Idan babu `XAUTHORITY`, manhaja takan leƙa `.Xauthority` a cikin foldar gida ta wanda ya kira ta.

To, me `su -` ke yi? Wannan ɗan layin da ke bayan `su` ma'anarsa a buɗe wa root sabon zama tas, kamar yanzu ya shigo. Sai a share kusan duk bayanan da zamanka ke ɗauke da su, har da `DISPLAY` da `XAUTHORITY`, gida kuma ya koma `/root`. Synaptic ta tashi ba ta san ma inda allo yake ba. Koma ka dubi saƙonka na farko: bayan `cannot open display:` babu komai, wurin fayau yake. Wannan gurbin da ba kowa shi ne shaidar cewa adireshi ne babu. Da ka buga `export DISPLAY=:0` ka ba ta adireshi, ta isa ƙofa, mai gadi ya ce ina tikiti, ta duba `/root/.Xauthority` ba ta sami komai ba, aka maido ta. Saƙonka na biyu ke nan. A tsofaffin zubi abin da ake rubutawa shi ne `No protocol specified`, magana ɗaya ce.

Ka ga ke nan ba ikon root ne ya gaza ba. Root na iya karanta fayil ɗin tikitinka duk sanda ya so, ba wanda zai tare shi. Kamar mai gidan haya ne da ke da makullin kowane ɗaki, amma ya aiko yaro hannu rabbana, bai ba shi makulli ba, bai ma faɗa masa lambar ɗakin ba. Mai gadi bai duba girman wanda ya yi aiken, abin da ke hannun ɗan aike yake dubawa.

Akwai ƙarin abu a naka. Tun Debian 10, wanda ya fito a 2019, GNOME, wato fuskar tagogi da hotuna da kake gani a allo, kan tashi ne a kan Wayland, sabon tsarin allo da Kristian Høgsberg ya fara a 2008. Buga `echo $XDG_SESSION_TYPE`, mai yiwuwa za ka ga `wayland`. A nan adireshin wani ne daban, `WAYLAND_DISPLAY`, galibi `wayland-0`, kuma kafar tana cikin `/run/user/1000`, foldar da aka keɓe wa mai lamba 1000, wato mutum na farko da aka ƙirƙira a kwamfutar. Za ka yawan jin ana cewa Wayland ya haramta wa root buɗe taga. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne root bai gaji wannan adireshin ba, sai manhajar ta koma neman X, ta faɗa hannun Xwayland, gadar da aka yi don tsofaffin manhajoji. Shi kuma tikitin Xwayland a GNOME ba ya cikin foldar gidanka sam. Yana cikin `/run/user/1000` da suna mai farawa da `.mutter-Xwaylandauth.`, kuma ƙarshen sunan yana canzawa a kowace shiga. Wannan ne ya sa tsohuwar shawarar nan ta a kwafi `.Xauthority` zuwa `/root` ba za ta yi maka aiki ba.

Abin da zan yi da ni ne a ɗakin

Ba zan nemi hanyar shigar da root cikin allo ba, domin sabuntawa ba ta buƙatar taga. Synaptic fuska ce kawai, apt da dpkg, masu saukewa da girka manhajoji, su ne ke aikin a ƙarƙashinta. Tunda ka riga ka zama root da `su -`, abin da ya rage layi biyu ne:

`apt update`

`apt upgrade`

Na farko yana ɗauko jerin sababbin zubi, na biyu yana nuna maka abin da zai canza da nauyin abin da zai sauke, ya jira ka amince. Idan ya ce ya riƙe wasu manhajoji bai taɓa su ba, `apt full-upgrade` zai ƙarasa, amma shi yana da izinin cire wasu, don haka karanta jerin abin da zai cire kafin ka danna Y. Na sha ganin mutum ya danna ba tare da ya duba ba, musamman idan an cakuɗa ma'ajiyoyin manhaja na zubi daban daban, ya tashi ya tarar GNOME ɗin kanta na cikin waɗanda aka kwashe.

Kuma ka yi daidai da kake sa layin nan bayan `su`. A Debian na yanzu, idan ka buga `su` tsirara, za ka riƙe `DISPLAY` ɗinka amma ba za a saka `/usr/sbin` da `/sbin` a hanyar neman umarni ba, sai dpkg ya tsaya yana ƙorafin bai ga `ldconfig` ko `start-stop-daemon` ba. Wasu kan gudu daga matsalar allo su cire layin, su faɗa wannan, an gudu ba a tsira ba.

Ina zaton dalilin da ya sa kake amfani da `su` shi ne kun sa wa root kalmar sirri lokacin girka tsarin. Idan aka yi haka, Debian ba ya saka mutum na farko a rukunin sudo, wato waɗanda ke iya buga umarni da ikon root daga nasu asusun. Kana iya gyarawa: a matsayin root ka buga `usermod -aG sudo` tare da sunan asusunka, ka fita ka sake shiga. Idan babu sudo ɗin ma, `apt install sudo`. Amfaninsa a makaranta shi ne ba sai ka raba kalmar sirrin root ga mataimakinka ba, kuma kowane umarni da aka yi da sudo ana rubuta wanda ya yi shi.

Idan kuma taga kake so, ba laifi, akwai hanyar da aka tanada. Buɗe manhajar Software ta GNOME a matsayinka na kanka, ba tare da `su` ko `sudo` ba. Tagar tana gudana da ƙaramin ikonka, tana miƙa buƙata ga wani hadimi a bayan fage mai suna PackageKit, shi ne mai ikon root, sannan polkit, mai tantance izini, ya fito da ɗan akwati ya tambaye ka kalmar sirri idan aikin na buƙatarta. Haka Software Updater na Ubuntu yake yi ta hannun aptdaemon, haka Discover na KDE. Synaptic tsohuwar ƙira ce, ita dukkanta take gudana a matsayin root, amma an yi mata tanadi: danna hotonta a jerin manhajoji, ko ka buga `synaptic-pkexec` a taminal ɗinka na yau da kullum, kafin ka zama root. Dokar polkit da ta zo da ita ta yarda a wuce mata da `DISPLAY` da `XAUTHORITY`. Idan a wata kwamfutar ta ƙi tashi a kan Wayland, fita, ka danna sunanka a shafin shiga, ka taɓa ɗan gargaren da ke kusurwar ƙasa, ka zaɓi GNOME on Xorg.

Wannan rabon aiki da aka yi ba don a wahalar da mutane ba ne. Manhaja mai taga tana jawo tarin kaya tare da ita: masu zana rubutu, masu buɗe hotuna, masu sarrafa ado da launi. Duk wannan ba a rubuta shi da nufin ya riƙe ikon taɓa kowane fayil a kwamfuta ba. Idan ka ba tagar root, ka ba su duka. Dalilin da ya sa aka yi watsi da `gksu` ke nan, ba ya cikin Ubuntu tun 18.04, ba ya cikin Debian tun 10. Duk bayanin da ka gani yana cewa `gksu synaptic` ko `gksudo`, ka san ya kwana biyu.

Batun xhost +

Abokinka ya yi maka nufin alheri, kuma abin ya yi aiki, amma ga abin da ya faru: `xhost +` ba ya ba root tikiti, korar mai gadin yake yi gaba ɗaya. Daga lokacin duk wanda ya iya isa ga ƙofar X zai shiga ba tambaya. A tsarin X11 kuwa, wanda ya shiga ba a killace shi a tagarsa ba. Yana iya ɗaukar hoton allo, ya saurari abin da ake bugawa a madannai, ya kuma cusa nasa bugun cikin tagar wani. Ka tuna wace taga ce a buɗe a lokacin: taminal mai ikon root, wadda ka gama buga kalmar sirri a cikinta.

Ba na son in kambama abin fiye da girmansa. Yawancin Linux na yau ba sa barin X ya saurari hanyar sadarwa, don haka wani daga waje ba zai shigo ta tashar 6000 kamar da ba. A kan Wayland kuma abin da ya fallasa shi ne tagogin da ke bi ta Xwayland, ba dukan allon ba. Amma cikin gida fa? Kwamfutocin makaranta ne, akwai asusun ɗalibai, wataƙila SSH, hanyar shiga kwamfuta daga wata kwamfutar, na kunne, kuma a kowane aji ba a rasa yaro mai ƙwaƙwalwa da son gwaji. Ni ba zan bar wannan ƙofar a buɗe a irin wannan ɗakin ba ko na minti goma. A kwamfutar da ka gwada, buga `xhost -` don mai gadi ya dawo, ko ka fita ka sake shiga. Idan ka riga ka rubuta shi a `.bashrc` ko `.profile` don ya riƙa tashi da kansa, goge layin yau.

Idan wata rana dole ta sa sai ka buɗe manhaja mai taga a matsayin root, akwai hanyoyi masu tsabta. Wadda na fi so a yanayinka ita ce ka ce wa `su` ya bar maka abubuwa biyun nan:

`su -w DISPLAY,XAUTHORITY -`

Wannan yana ba root adireshi da tikiti na zaman da kake ciki, ba tare da an taɓa mai gadi ba, kuma ba sai ka yi hasashen lamba ba. Hasashen `:0` na iya kuskure, domin idan mutum biyu sun shiga kwamfuta ɗaya, ko a wasu zaman Xorg, naka na iya zama `:1`. Idan da sudo kake aiki, shi yana wucewa da waɗannan biyun da kansa muddin suna nan. Hanya ta biyu ita ce ƙaramin ɗan'uwan na abokinka, `xhost +si:localuser:root`, wanda ke cewa a bar root na wannan kwamfutar kaɗai ya shiga. Ka buga shi kafin ka zama root, idan ka gama ka janye da `xhost -si:localuser:root`. Shi `pkexec` kuwa, umarnin polkit na gudanar da manhaja a matsayin root, idan manhajar ba ta da irin dokar da Synaptic ke da ita, yana share komai, sai ka miƙa masa da hannu: `pkexec env DISPLAY=$DISPLAY XAUTHORITY=$XAUTHORITY` sannan sunan manhajar. Don gyara fayil ɗin tsari kawai, ba ka buƙatar ko ɗaya daga ciki, `sudoedit /etc/fstab` ya wadatar.

Wadda nake gargaɗi a kanta ita ce `sudo -E`. Tana wucewa da duk bayanan zamanka, tagar ta buɗe lafiya, amma manhajar na iya rubuta fayilolinta a cikin foldojinka da sunan root. Na taɓa zama gaban wata kwamfutar ofis da aka kira ni a kanta da yamma, ma'aikaciyar na ta buga kalmar sirrinta, allo ya yi baƙi na daƙiƙa biyu, ya dawo da ita shafin shiga. Ta buga ya fi sau goma, har ta fara zargin an canza mata kalmar. Na danna Ctrl da Alt da F3, baƙin allo mai rubutu zalla ya fito, ta shiga da kalmar nan tata ba gardama. Na buga `ls -l ~/.Xauthority`, sai ga `root root` a inda sunanta ya kamata ya kasance. Wani ne ya taya ta gyara da safe, ya tada X da sudo. Tsarin na son rubuta mata sabon tikiti, fayil ɗin kuma ba nata ba ne yanzu. Layi ɗaya na `chown` ya mayar mata da shi, ta shiga. Idan ka taɓa ganin irin wannan zagayen a ɗakinku, duba mai fayil ɗin, ka kuma buga `df -h`, domin faifan da ya cika maƙil ma yakan hana rubuta tikitin ya haifar da abu iri ɗaya. Don gano duk abin da root ya mallake a gidan mutum, `find ~ -user root` zai jero su.

Saƙon debconf

Wasu manhajoji kan yi tambaya lokacin girka su ko sabunta su, misali wane tsarin madannai, ko a wane faifai za a sa GRUB, manhajar da ke tayar da tsarin idan an kunna kwamfuta. Debconf ne ke isar da tambayoyin, kuma yana da fuskoki da yawa: Gnome da Kde masu taga, Dialog mai shuɗin akwati a cikin taminal, Readline mai rubutu zalla. A waccan kwamfutar an saita shi a kan Gnome. Ya nemi allo bai samu ba, saboda dalilin da muka gama bayani, ko kuma wani ɓangaren GTK, kayan zana tagogi, da yake buƙata babu. Layin da ke biye da saƙon yana faɗin wanne ne daga ciki. Idan ka ƙara duba ƙasa kaɗan za ka ga `debconf: falling back to frontend: Dialog`, wato ya koma ga shuɗin akwati, aiki ya ci gaba. Ba abin da ya lalace. Don saƙon ya daina fitowa, buga `dpkg-reconfigure debconf` a matsayin root ka zaɓi Dialog. Idan kana son shaida cewa sabuntawar ta kammala, buga `dpkg --audit`. Idan ya yi shiru bai ce komai ba, babu manhajar da aka bari rabi da rabi. Tarihin abin da aka yi kuma yana `/var/log/apt/history.log`.

Za ka ga ana ba da shawarar `DEBIAN_FRONTEND=noninteractive` don a rufe bakinsa. Yana da wurinsa, a aikin da ke gudana da kansa ba mutum a gaba. Amma ma'anarsa a amsa kowace tambaya da amsar da aka tanada ba tare da ka gani ba. Kana zaune gaban kwamfuta, gara ka ga tambayar.

Kwamfuta 12 ba a bin su ɗaya bayan ɗaya

Ba ka tambayi wannan ba, amma zan faɗa domin nan gaba kaɗan za ka iso gare shi. Idan ka girka `openssh-server` a kansu, daga kujerarka za ka riƙa shiga kowace ka yi `apt`. A nan ma saƙon allo zai sake biyo ka idan ka kira manhaja mai taga, don zaman SSH ba shi da `DISPLAY` sai ka shiga da `ssh -X`, kuma sai `X11Forwarding yes` na cikin `/etc/ssh/sshd_config` na waccan kwamfutar, an kuma girka `xauth` a kanta. A irin wannan zaman adireshin kan zama `localhost:10.0`. Idan ka sa sudo sai ka ga `X11 connection rejected because of wrong authentication`, domin tikitin yana `.Xauthority` na gidanka, root kuma yana nema a nasa. Buga `export XAUTHORITY=$HOME/.Xauthority` kafin sudo, ya wuce. Amma jan taga ta waya aiki ne mai nauyi ba gaira ba dalili, apt a taminal ya fi sauri nesa ba kusa ba. Haka ma idan ka sa sabuntawa a cron, mai gudanar da aiki da kansa a lokacin da aka tsara, can babu allo ko kaɗan, `unattended-upgrades` aka yi don wannan, shi ke sauke gyare-gyaren tsaro da kansa.

Abin da ya fi damuna da sabuntawa ta SSH, ko ma ta taminal a cikin GNOME, shi ne yankewa. Idan waya ta katse, ko zaman GNOME ya faɗi ana tsakiyar canza ɓangarorinsa, taminal ta mutu, apt na iya mutuwa tare da ita. Maganin `tmux` ne, mai riƙe aikin taminal ko an yanke: girka shi, buga `tmux`, ka yi sabuntawar a ciki. Idan aka yanke, ka sake shiga ka buga `tmux attach`, za ka tarar da aikin yana tafiya. Babbar sabuntawa kuwa, kamar ƙaura daga Debian 12 zuwa 13, na fi son yin ta a baƙin allon Ctrl da Alt da F3, inda ba ruwanta da X ko Wayland.

Tmux ba ya maganin ɗauke wuta, wannan kuwa mun san halinmu. Kada ka fara sabuntawa a kwamfutar tebur sai tana kan UPS ko inbata, ko janareta na aiki da isasshen mai. Idan ƙaddara ta faɗa aka ɗauke ana tsakiyar girkawa, da ta tashi ka zama root ka buga `dpkg --configure -a`, sannan `apt --fix-broken install`, sannan ka maimaita `apt upgrade`. Idan apt ya ce bai sami makullin `/var/lib/dpkg/lock-frontend` ba, kada ka yi saurin goge fayil ɗin kamar yadda ake yawan cewa. Galibi wani aikin sabuntawa ne ke gudana a bayan fage, kuma saƙon kan faɗi lambar aikin da ke riƙe da shi. Ba shi 'yan mintuna. Sannan don kuɗin data, dubi `apt-cacher-ng`: ka girka shi a kwamfuta ɗaya, sauran 11 su riƙa bi ta kanta a tashar 3142, abin da ɗaya ta sauke sauran su ɗauka daga cikin ɗaki.

Iyakar wannan amsa

Duk abin da na faɗa na gina shi a kan saƙonnin da ka turo da kuma yadda Debian 12 mai GNOME yake zuwa idan ba a taɓa shi ba. Ban zauna gaban kwamfutocinku ba, kuma wanda ya girka su yana iya canza wani abu a `/etc/sudoers` ko `/etc/pam.d/su`. A wasu tsarukan Linux akwai `pam_xauth` da ke miƙa wa root tikiti da kansa lokacin `su`, shi ya sa wani zai ce maka shi a tasa bai taɓa ganin matsalar ba, kuma gaskiyarsa ce. Akwai kuma wani sanadi da na ci karo da shi a ɗakuna irin naku: tikitin X yana ɗaure da sunan kwamfuta, to idan an kwafi faifai ɗaya zuwa kwamfutoci da yawa sannan aka canza sunan ana cikin zama, sababbin tagogi kan ƙi buɗewa ko ba root a maganar. Fita da sake shiga yana warware shi.

Idan ka gwada `su -w DISPLAY,XAUTHORITY -` kuma har yanzu ta ƙi, buɗe sabuwar taminal ba tare da ka zama root ba, ka buga `echo $XDG_SESSION_TYPE`, da `echo $DISPLAY`, da `echo $XAUTHORITY`, da `xhost` shi kaɗai ba ƙari, ka turo mini abin da suka nuna tare da cikakken saƙon kuskuren. Kada ka haɗa da sakamakon `xauth list`, domin shi tikitin naka ne kansa yake bugawa a fili.